Zaman Kwaɗo a Gadon Asibiti

Ranar da gudawa ta kusa kashe ni, watana huɗu ina koyon Faransanci a ajin yaƙi da jahilci, ina jin kaina Bafaranshe. A asibiti ƙanena Isa ya ce zai yi mini tafinta. Na ce, "Yi shiru, ni ma na shiga lakwal, na yi boko."

Jijiyar hannuna ta ɓace, sai likita ta ce za ta sa mini ruwa ta gindin cinya. Ta ce da Faransanci in yi "gurnuy". Na san kalmar sarai, kwaɗo ke nan. Na tattara sauran ƙarfina na tsuguna bisa gado, hannuwa a gaba.

Ashe nufinta in kwanta rigingine, in lanƙwasa gwiwa, in buɗe cinya don allura ta sami jijiya. Ta kwantar da ni tana dariya: "Baba, kada dai ka yi tsalle."

Ni ban yarda na yi kuskure ba. Wa ya taɓa ganin kwaɗo a rigingine in ba mushe ba?

Isa ya baza labarin a unguwarmu ta Zango. Har yau in kwaɗi suka fara kuka da damina, masu sayar da goro na unguwar kan ce mini, "Alhaji, danginka na kira."