Ranar da Na Gayyaci Surukina Kallon Mita

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a unguwar Ruwais ta Jidda, wajen shekarar 2011, ranar da na tara manyan mutane a ƙarƙashin bene muna zuba wa mitar wuta ido kamar masu duban jinjirin wata.

A lokacin ina aikin gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago a Aziziyya. A saman gidan da muke haya ina da 'yan faranti na sola da batir, waɗanda na haɗa da hannuna, suna juya fanka suna kunna fitila. Babu wanda ya dame ni, ban dami kowa ba. Sai ɗan kawuna Sani, wanda ke zaune a Jamus, ya zo Umra ya sauka wurinmu. Da ya hau bene ya ga farantan, sai ya ce, "Ai a wajenmu, mai irin wannan kamfanin wuta ne ke biyansa. Wutar da ta yi maka yawa ka tura musu, su saya. Amma fa idan ka zo ƙarawa..." Daidai nan aka kira salla, ni kuma zuciyata ta riga ta tafi. (Ban tambayi ƙarshen zancen ba. Me zan yi da ƙarshe, tunda farkon ya yi daɗi?)

Sani na komawa na shiga lissafin dokin rano. Jidda ce fa, garin da rana ke iya soya ƙwai a kan mota. Idan a Jamus mai hazo ana biyan mutum, ai ni nan sai dai a kawo mini kuɗin a buhu. Matata Zainab, haifaffiyar Jidda, ta daɗe tana tarin kuɗin zuwa Maraɗi ta ga dangina a karon farko. Na yi ta lallashi har ta ba ni. Ta ce, "Abu Amina, inta muta'akkid? Ka tabbata?" Na ce mata baɗi a kujerar gaba ta jirgi za ta zauna.

Na cika saman bene da sababbin faranti, har igiyar shanyar maƙwabta sai da na matsar. Na ƙaro batura, na ja waya zuwa ɗakinmu. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne ta wace hanya wutar za ta koma wa kamfani. A tunanina wuta kamar ruwa ce, in randa ta cika dole ta malala.

Da na yi shiru na gwada ni kaɗai, da yau babu labari. A'a, walima na shirya. Na gayyaci abokan aiki, da maƙwabtanmu 'yan Cadi, da surukina Alhaji, mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, mutumin da tun ranar ɗaurin aure yake mini kallon yadin da zai zuba in an wanke. Bayan la'asar aka taru, ga shinkafa da kaji an jera. Na hana a ci. Na ce sai an fara ganin abin al'ajabi, har da ɗan jawabi: "Jama'a, yau za ku ga mita tana tafiya da baya. Daga yau kamfani ne zai riƙa karɓar fatura, takardar kuɗin wuta, daga hannuna."

Muka sauko ƙofar gida inda mitoci suke. Faifan mitata na ta gudu gaba kamar an biyo shi. Na ce ai kayan wuta ne suka yi yawa, na ɗaga murya na ce wa Zainab ta kashe mukayyif. Ya rage gudu. Na ce a kashe firji. A kashe komai! Mata na ciki suna fifita da murfin tukunya, mu muna waje gumi na bin bayanmu. Can faifan ya yi sanyi, ya ja jiki, ya tsaya cak. Wani maƙwabci ya yi kabbara, ni kuwa na ɗaga hannu na ce, "Yanzu zai juya."

Muka jira. Bai juya ba.

Alhaji ya gyara gilashinsa ya ce, "Yaro, ni ma tawa haka take tsayawa in na kashe komai. Kuma ban sayi faranti ba."

A nan ya kamata in haƙura, amma sai na zaro waya na kira Sani, na kuma buɗe murya don kowa ya ji shaida. (Allah Ya raba mu da ƙarfin hali irin na wannan rana.) Na yi masa bayani. Sai ya fashe da dariya. "Mais non, a'a! Dokar Jamus na ba ka labari, kai! Sai an yi yarjejeniya, an sa maka mita ta musamman. A Saudiyya wa ya ce maka ana saye? Kuma abin da nake shirin gaya maka ran nan, ko a nan wanda ya ƙara faranti daga baya, farashin da ake sayen wutar sababbin yakan sauka ne, ba ya hawa."

Ban san yadda aka yi na kashe wayar ba. Kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Daga taga Zainab ta leƙo ta ce, "Ya mudir, a kunna mukayyif ko kamfani bai gama ɗiba ba?"

Alhaji bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas, shi ke nan. Yalla, mu ci shinkafa kafin ita ma ta koma baya."

Maraɗi sai bayan shekaru muka je, a kujerun da ke jikin banɗakin jirgi. Har yau 'yan unguwa Mudir Kahraba suke kirana, wato daraktan wuta, kuma ina amsawa, don gardama ta fi tsada. Abin da na koya dai shi ne, duk abin al'ajabin da za ka nuna wa surukinka, ka fara kallonsa kai kaɗai, ƙofa a kulle.