Wayar da ta Manta Sunan Basilia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kamar yadda aka saba rubutawa, ko da yake na leƙa tawa zuciyar ban tarar da komai a ciki ba, ni Fermín Limachi Cutipa, direban ƙaramar bas mai tasowa daga Río Seco ta bi ta tashar Ceja ta gangara Makabarta, ina sanar da dangi, da abokan sana'a na ƙungiyar direbobi, da fasinjojina na kullum, rasuwar wayar matata, marigayiya Basilia Ticona. Ta cika ranar Laraba da tsakar rana, a kan teburin wata mai gyara a Ceja, bayan gajeriyar jinya. Har yanzu tana kunnuwa, tana nuna lokaci, tana haska fitila in an nema. Kada wannan ya ruɗi kowa. Ta rasu.

Marigayiyar ta shigo gidanmu da 'yan shekarunta, don ta hannu muka saya a kasuwar Lahadi, da tsaga ɗaya a goshi wadda ba ta taɓa ƙaruwa ba. Yawancin rayuwarta a ƙirjin Basilia ta yi shi, ƙarƙashin mayafin ulu, inda hannun ɗan sane ba ya kaiwa. Shi ya sa har gobe in ka kai ta hanci za ka ji ɓawon lemo da man zafi. Ta sha faɗuwa daga ƙofar mota, ta sha sanyin asuba irin na garinmu El Alto mai daskarar da ruwa a bokiti, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba: ni nake tuƙi, Basilia ke kiran fasinja. Shekara da shekaru tana tsaye a ƙofa, rabin jikinta a waje, hularta a kai ko motsi ba ta yi, muryarta kuwa na tsallake titi ta ɗauko mutum daga gaban mai sayar da kunun masara. Da ciwon maƙogwaro ya kama ta, likita ya ce ta daina ihu. Na ce to ni zan riƙa kira ta taga. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai? Da wannan muryar taka ta akuya mai mura? Ko uwarka ba za ta shiga motar ba."

Sai ta zauna a kujerar baya ta ɗauki muryarta a wayar, tun tana da sauran ƙarfi. Wayar a cike take maƙil da hotunan jikoki, don haka ta tura muryar can ma'ajiyar intanet, inda sai ka buɗe shafi ka sa suna da kalmar sirri kafin ka same ta. Muka ɗaura 'yar lasifika a ƙofa da igiyar roba. Daga ranar, marigayiyar ce ke kira:

"Ceja, Ceja, Makabarta! Akwai wuri, akwai wuri! Kawu, matsa ciki mana, ba gadon gidanka ba ne! Ceja, Makabarta!"

A tsakiyar ɗaukar akwai wurin da Basilia ta yi tari, ta yi dariya, ta ce, "Fermín, kashe injin mana, ɗauka nake." Ba ta goge ba, ni ma ban ce ta goge ba. Haka fasinja suka yi ta jin ana ba ni umarni daga Río Seco har Makabarta, safe da yamma.

Babbar baiwar marigayiyar ita ce riƙon amana. In na buɗe shafin, akwatuna biyu ne fayau. In taɓa na sama, ita da kanta ta rubuta sunan Basilia. Na ƙasa kuma ya cika da baƙaƙen ɗigo, jere reras kamar kashin awaki. In danna, in shiga. Ba ta taɓa tambayata ko ni wane ne ba, ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya na tambayi Basilia abin da ke ƙarƙashin ɗigon nan.

"Ka yi me da shi? Makullin mota yana hannunka, na taɓa ce maka ba ni?"

Na bar maganar. Muna da lokaci, a ganina.

Da Basilia ta tafi, aka yi abin da ake yi. A rana ta takwas aka kai kayanta rafi aka wanke, aka ƙona na ƙonawa, don kada wani abu nata ya riƙe ta a nan. Yayarta, Doña Eulogia, ita ta tattara komai, har da tsinken gashi. Wayar kuwa na tura ta ƙarƙashin kujerar direba.

"Fermín, ina wayar?"

"Ta ɓace."

"Ƙarya kake, kunnenka ya yi ja. Tana raye ka sa ta ihu a titi, ta mutu ma ba za ka bar ta ta huta ba?"

Washegari na kunna lasifika na fita aiki. Ban yi kuka a jana'iza ba, mutane sun lura, sun kuma faɗa. To kukan me zan yi? Kullum da safe wayar tana rubuta sunanta, ita kuma tana ce mini in kashe inji. Akwai wata tsohuwa mai sayar da cuku da ke shiga a gada, in ta sa ƙafa sai ta ɗaga kai ta ce wa lasifikar, "Ina kwana, Basilia." Ba wanda ya taɓa yi mata dariya.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da marigayiyar ta tambaye ni ko a sabunta ta. Ina cin abinci a tasha, hannuna da miya, na danna "to" da ɗan yatsa, yadda nake ce wa kowa to. Ta yi duhu, ta farfaɗo da sabuwar fuska. Na buɗe shafin, na taɓa akwatin sama. Shiru. Haruffan rubutu kawai suka taso daga ƙasa suna jirana, wai ni in rubuta.

An yi mata duk abin da ake yi wa mara lafiya, kada wani ya ce an yi sakaci. Na kashe ta na kunna. Na goge mata fuska da gefen riga. Compadre Zenón, uban baftismar 'yata, wanda bai taɓa ganin ciwon da ba shi da maganinsa ba, ya binne ta a buhun shinkafa.

"Compadre, ai ba ruwa ta faɗa ba," na ce.

"Kai dai bari. Shinkafa ta san aikinta."

Da shinkafa ta gaza, ya yayyafa mata barasa a kusurwa huɗu yadda ake yi wa sabuwar mota, ya zuba wa ƙasa nata rabon, ya shanye sauran. Akwatunan suna nan fayau. Na yi ta aiki lasifika a kashe. Tsohuwa mai cuku ta shiga, ta ɗaga kai, ta buɗe baki, sannan ta rufe ta zauna.

Daga nan na kai ta wurin Yhovana, mai rumfar gyaran waya a ƙarƙashin gadar Ceja. Ina shaida cewa ta yi iya ƙoƙarinta. Ta shiga saiti ta ce sabuntawar ce ta kashe abin da ke cike akwatunan, ta kunna shi. Bai cike ba. Ta ce a cikin wayar akwai wata ma'ajiya mai riƙe da duk kalmomin sirri, kuma manhajar buɗe shafi ta daina gaisawa da ita, sai an sake haɗa su. Ta haɗa su. Ta rufe komai ta buɗe. Ta gwada wata manhajar daban. Can sai ga wata 'yar taga ta taso daga ƙasa, da zanen yatsa a tsakiya.

"Yawwa, ta farfaɗo! Baba direba, ɗora yatsanka nan."

Na ɗora. Wayar ta yi ɗan kaɗawa, ta ƙi. Na ɗora na kusa da shi. Na bi su duka har na hagu, wanda ƙofar mota ta taɓa matsewa.

"Wai da yatsan wa aka yi mata rajista?"

"Na matata."

"To kira ta mana ta zo, minti ɗaya ne."

"Tana Makabarta," na ce. "Hawa na huɗu a bangon kaburbura, layin da ke kallon dogon itacen fir."

Yhovana ta ajiye ɗan sukundireban da ke hannunta. Ta ce akwai wata hanya, in na san babbar kalmar sirrin da ke buɗe ma'ajiyar. Na ba ta lambar mota. Ba ita ba ce. Na ba ta ranar aurenmu, sunan 'yarmu, sunan ƙauyen su Basilia a bakin tafki, sunan karen da muka yi a farkon aure. Ko ɗaya. Mutum ya kwana ya tashi da mace har gashinsu ya yi fari tare, a ce ya faɗi kalma ɗaya da za ta zaɓa, ya tsaya yana kallon rufin kwano. Wayar ta gargaɗe mu cewa in muka ƙara kuskure za ta kulle baki ɗaya.

"Saura hanya ɗaya," in ji Yhovana. "Shafin zai aika wasu lambobi zuwa layinta. Layin yana ciki?"

Yana ciki, amma ya daɗe da mutuwa. Tun bayan jana'iza ban ƙara sa masa kati ba, daga tawa wayar nake ba ta intanet. Wa zai kira mamaci? Layin da aka bari ba kati kuwa, kowa ya sani, karɓewa ake a sayar wa wani. Yhovana ta tura lambobin duk da haka, ta ce in kira mu ji ko akwai mai ɗauka.

Lambar nan na san ta fiye da tawa. Na buga. Ta yi ƙara, abin da ban shirya masa ba. Wata mata ta ɗauka, da karin harshen mutanen Santa Cruz, can nesa da mu, ina jin mai na soyuwa a bayanta.

"Señora, barka da rana. Don Allah wasu lambobi sun shigo wayarki yanzu. Layin nan na matata ne a da, ta rasu, muryarta ce nake so in..."

"Af! Yau kuma mata ce ta mutu? Wancan makon wani ya ce ɗana ne ya yi haɗari, ni da ko ɗa ba ni da shi. Daga wane gidan yari kake kira?"

"Wallahi señora ni direba ne. Ki karanta mini su kawai."

"In karanta maka ka kwashe ni tas? Ka ga na yi kama da wadda aka haifa jiya? Ka ji tsoron Allah, tsoho da kai, ka bar matattu su kwanta."

Ta kashe. Na sake bugawa, ta riga ta toshe ni. Ina so a rubuta cewa ban riƙe ta a zuciya ba. Da Basilia aka kira da irin wannan labari, abin da za ta faɗa ba zai shiga sanarwa ba.

Yhovana ta tambaye ni, a hankali, me ya sa tun tuni ban sauke muryar cikin wayar ba. Na ce babu wuri. Ta gyaɗa kai, ta goge fuskar marigayiyar da ƙyalle, ta miƙo mini ita da hannu biyu. A nan ne ta cika.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da rigar roba mai koɗaɗɗen hoton waliyyiyar cocinmu, Uwargidanmu ta Copacabana, da lasifika wadda har yanzu ke ɗaure a ƙofa ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar hotunan jikoki masu yawa, yawancinsu a karkace. Ta bar akwatuna biyu. Ta bar ni.

Masu zuwa gaisuwa suna tambayata yaya na ji. Ban ji komai ba. Ina ci, ina tuƙi, ina ba da hannu in zan juya. Abu ɗaya ne dai: jiya a kan gangara na ce bari in maimaita kiran a raina. Kalmomin duk suna nan, Ceja, Makabarta, kawu matsa ciki. Amma da muryata suka zo. Na nemi tarin nan da dariyar, na san a inda suke, na san tsawonsu, sautin ne babu. Na tsaya a gefen titi na kashe injin, ba wanda ya ce in kashe. Fasinja suka yi ta ƙorafi.

Doña Eulogia ta zo, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta kawo miyar gyaɗa, ta ce, "Ta gama aikinta ke nan. Kai ma ci."

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an fito coci. Mota za ta tsaya a Ceja, ƙofa a buɗe, kuma ranar ba haya muke yi ba. Ba za a kira kowa ba, wanda ya san motar ya shigo. Ana roƙon Compadre Zenón ya zo da tsani, ya bar shinkafa a gida. Ba a bukatar furanni. Sai dai in akwai fasinjan da ya taɓa ɗaukar bidiyo a cikin motata, muryar ta faɗa ciki ko da a bayan hayaniya ne, ko rabin kalma ce, ya taimaka ya zo da shi.

Daga Ceja za mu gangara Makabarta, hawa na huɗu. A gaban ramin bangon da aka sa Basilia akwai 'yar tagar gilashi inda muka jera mata ƙaramar hula da kwalbar lemon da take so. A nan za a ajiye marigayiyar, a jingine, fuskarta na kallon ciki. Zan cika mata caji, in bar shafin a buɗe, da zanen yatsan yana jira. Tsakaninta da yatsan da take nema bai fi kaurin bulo ɗaya ba. Ni na yi iya nawa, sauran sai su daidaita tsakaninsu.

Allah ya jiƙansu su biyun.