Tafiyata Masar da Ta Ƙare a Kano

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi tafiya Masar na ɓige da kwana a Fagge ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina saurayi, ina koyar da Larabci a makarantar firamare a Ikara. Ina ji da kaina ƙwarai, don na iya cusa Larabci da ɗan Turanci a zance ɗaya.

Wani abokina Hamisu, wanda muka yi karatu tare a Zariya, shi ya riga ni zuwa Alƙahira. Ya aiko a gaya mini in taho kawai, makaranta ba za ta gagara ba. Ban tambayi komai ba. Na kai maganar gaban mahaifina, wanda mu da almajiransa duk Malam muke ce masa. Ya ce in dai neman ilimi ne ya amince. Gyaɗar da gidanmu ya noma a shekarar kusan duk a kaina ta ƙare.

Na yi fasfo, na je Kano na yanki tikitin jirgi na zuwa kawai. Akawun ya tambaye ni ko in haɗa da na dawowa, na ce masa wanda zai je ya share shekaru yana karatu me zai yi da tikitin dawowa? Ya ce, "Sauran takardunka dai sun cika ko?" Na bugi aljihun da fasfo yake na ce sun cika. (Har da ɗan murmushi na faɗa, irin na mutumin da ya san duniya. Ni da ko Jos ban taɓa zuwa ba.)

Sai sallama. Ban bar gidan dangi ko ɗaya ba, daga Malikanchi har Saulawa da Kurmin Kogi. Kekena na bai wa ƙanena, ɗakina ma tun ina nan ya fara kwashe kayansa yana kaiwa. Inna ta ƙulle mini kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, don ta ji an ce mutanen can ba su san miya ba. Tsofaffi suna kuka, ni kuwa ina rarrashinsu da cewa in Allah ya yarda za mu gana.

Ranar tafiya ƙanen Inna, Kawu Ɗahiru, ya cika babbar mota da 'yan rakiya. Kawu mutum ne mai son ba da labari, kuma labari ba ya fita daga bakinsa yadda ya shiga. A filin jirgi aka raba mu, matafiya suka shiga ciki, 'yan rakiya suka zagaya bakin shinge inda ake hango jirgin.

Na miƙa wa jami'in da ke duba takardu fasfo da tikiti. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Malam, ina bizarka?"

Na nuna masa hotona na ce ai ga ta nan.

Ya dube ni, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Wannan fasfo ne, ƙasarka ce ta ce ta san ka. Biza kuwa mutanen can ne za su buga maka hatimi, su ce sun yarda ka shigo. Ga tikitinka na zuwa ne kawai, ba ka kuma da shaidar wata makaranta ta ɗauke ka. In muka bar ka ka hau, da jirgin da ya kai ka za a juyo da kai."

Na juya harshe zuwa Turanci, ya amsa mini da wanda ya fi nawa. Na ce abokina yana can yana jirana. Ya ce abokina ba hukuma ba ne. Ya kai ni wani ɗan ofis ya zaunar da ni, ya ce tikitina bai mutu ba, za a ɗaga mini shi har in je Ikko, babban birnin ƙasa a lokacin, in nemo biza. Ya sa aka dawo mini da akwatina, ƙunshin daddawar Inna yana ta aikinsa a ciki.

Ofishin yana da taga. Ta nan na ga jirgina ya tashi, na kuma hango mutanen garinmu a bakin shinge suna ɗaga masa hannu. Kawu har ya cire hula yana kaɗawa. Da na fita da gudu da na same su. Amma kunya ta danne ni a kujera, har na ga sun hau mota sun tafi.

A zauren wani abokin Malam na kwana a Fagge. Washegari na hau motar Ikara, na sauka tun kafin tasha, na ɗora akwati a ka na bi ta bayan gari. Niyyata in sulale cikin gida ba wanda ya gani.

Ashe ranar Malam ya tara jama'a bayan la'asar ana sadakar Allah ya sauke ni lafiya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an gama karatu, ana rabon waina. Kawu Ɗahiru yana tsaye a tsakiya, ya ba ni baya, yana cewa:

"Da idona na gan shi! Yana jikin taga ta wajen fiffike, ya ɗago mini hannu. Na ce a raina, yaron nan ko a sama bai manta da kawunsa ba."

Sai ya lura ba wanda ke kallonsa, kowa bayansa yake kallo. Ya waiwayo. Ga ni tsaye da akwati a ka, ƙura har gwiwa. Wata tsohuwa ta saki kwanon waina ta hau salati, ta zaci jirgin ne ya faɗo.

Na yi sallama da wata murya da ban san ina da ita ba. Na durƙusa gaban Malam na faɗi abin da ya faru, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Malam ya shafa gemu ya ce, "To, alhamdu lillahi. Addu'ar sauka lafiya muka yi, ga shi kuwa ya sauka lafiya. A ci gaba da rabo."

Nan dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Kawu kaɗai ne bai yi ba, yana ta tambayar na kusa da shi, "To wa na gani?" Da na shiga cikin gida Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce, "Tun jiya ka ci wani abu kuwa?" A nan hawayen da na riƙe tun Kano suka zubo.

A zaure na koma kwana, don na ji nauyin in ce wa ƙanena ya fita. Yara a makaranta suka laƙaba mini Malam Na-Masar tun ban ga Masar ba. Sai bayan damina takardun suka kammala, na tafi da gaske, kuma ban da Malam da Inna ba wanda ya san ranar.

Abin da na koya bai da yawa. In an tambaye ka ko takardunka sun cika, ka ce a lissafo maka su. Kuma har yau da na tsufa, ko kasuwar Makarfi zan je, ba na yi wa kowa sallama sai na ji motar ta fara tafiya.