Harsashin Des a Robar Askirim

Tun ranar da Nana Beryl ta fatattaki jikanta Darcy da tsintsiya, don ya shimfiɗa bindiga a teburin da take murza fulawa, bai sake leƙo ta ba. Sai yau, da karnukan daji suka addabi 'yan ragunansa, ga shi a a-kori-kurarsa, rungume da robar askirim.

"Amaryata! Ashe har yanzu kina motsi?"

"Ni zan binne ka, mijin banza. Askirim ka kawo na biko?"

"Da wane haƙorin za ki ci? Harsashi ne. Des na bayan mashaya ya ɗura mini albarushinsu da hannunsa, ga araha."

Nana Beryl ta dire kofin shayinta.

"Wane Des? Mai yatsu bakwai?"

"Injin yanke itace ne ya cinye sauran, Nana."

"Haka yake faɗa. Des da ya zuba wa baƙi gishiri a shayi, shi zai auna maka albarushi? Iri biyu yake ajiyewa a kwalaben zuma, na ƙaramar bindiga da na babba, ko alama babu."

"Kishi ne kawai. An ce ya neme ki kika ƙi."

"Da shi gara in auri rago, ko ba komai a aske shi. Miƙo nan."

Ta ɗauki harsashi ta kaɗa a kunne, ta ɗauki wani ta kaɗa.

"Ke da ba kya jin ƙarar waya, me za ki ji?"

"Wayarka ce ba na ji. Wannan yana caccaka, wannan shiru. Ko dai babu albarushi sam, ko an danna shi har wuya. Wanne ne, maigida?"

Darcy ya sosa ƙeya.

"In babu, kan harsashin ya maƙale a bututu, na bayansa ya zo ya fasa bindigar. In ya yi yawa kuwa, ba sai an jira na biyu ba. Da wane hannun kake aske tumaki?"

"Na dama."

"Shi ke kan kunamar bindiga. Mijin da ba ya aiki ma da ƙyar nake haƙuri da shi, balle mai dungu."

"Kai, tsohuwa! Mutumin nan tun ba a haife ni ba yake ɗura harsashi."

"To, ya harba ɗaya a gabanka?"

Ya kalli robar.

"Na ce ya gwada. Wai kafaɗa ke masa ciwo."

"Kafaɗa!"

Dariya ta ƙwace masa, har ya zauna a matakala.

"Na bi, amarya, kin kayar da ni. Amma ragunan fa? Jiya ma karnukan sun yaga biyu."

Ta shige ɗaki, aka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ta fito da kwalin harsashin kamfani, ko ɓare shi ba a yi ba, ta cusa masa a ƙirji.

"Ungo, irin na bindigarka ne. Robar nan kuma ka mayar wa Des, ka ce ya warware su kafin wani sakaran ya saya. Ka dawo mini da yatsunka goma cif, akwai wanke-wanke."