Gaisuwa a Kan Ƙaya

Ba zan taɓa mantawa da zuwan Baba Alhaji gidanmu na Kankia ba, ina sabuwar amarya.

Lokacin ina da wata shuka a falo, irin mai kama da ƙerana ɗin nan, ba ganye ba reshe, ta miƙe sambal, jikinta duk ƙaya. Na cika mata tukunya da yashi, na ajiye ta bakin taga tana shan rana, ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe ƙarau nake ɗiga mata. (Maigidana ya ce ko shi ba na lallaɓa shi haka.)

Da na ji Baba Alhaji, ƙanin mahaifinsa, zai zo daga Kusada, sai son burgewa ya motsa. Na sauko da ita ƙasa, kusa da ƙofa, don duk wanda ya shigo ya san gidan 'yar gayu ya zo.

Baba ya zauna, na kawo ruwa, na ja da baya cikin ladabi na durƙusa. A kan shukar na sauka.

Jama'a, ihu ya zo mini har maƙogwaro, kunya ta mayar da shi. Baba kuwa bai iya gajeruwar gaisuwa ba. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya bi dangina ɗaya bayan ɗaya. Ni dai "Lafiya lau" nake ta yi, hawaye na zuba.

Ya ƙura mini ido. "Ɗiyata, mi ya faru?"

"Ba komai, Baba."

Ya juya ga maigidana. "Kai Sani! Tun yanzu? Mi ka yi wa ɗiyar mutane?"

"Wallahi Baba, ban..."

"Rufe mani baki! Bari in kira ubanka."

Da na ga ya zaro waya da gaske, na miƙe zumbur. Shukar ta biyo ni, tana reto a bayan zanena, tukunya ta kife, yashi ya watse a kan darduma.

Baba ya ɗaga kai yana duban silin, kafaɗunsa na rawa.

"Sani," ya ce da ƙyar, "je ka taimaki iyalinka."

Sati guda a tsaye nake cin abinci. (Kada ku tambaye ni wa ya cire ƙayar.)

Kunya abu ce mai kyau, ban musa ba. Amma in ƙaya ta shige ki, 'yar'uwa, yi ihunki da wuri, tun kafin a kai ƙarar bawan Allah wurin ubansa.