Layin da Likita Ya Ƙara

"Lafiya lau, tsohuwa. Ya hanya?"

"Hanya ta yi kyau. Wato maigidan nawa ko tashi ba zai yi ya tarbe ni ba?"

Kafinta bai tashi ba. Sati bakwai ke nan da injin yanka katako ya tsaga masa tafin hannun dama. An ɗinke, an cire zare, amma yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce in ba su motsa ba zuwa ƙarshen wata, sai dai ya nemi wata sana'a. Ƙwallon na can ƙarƙashin gado yana shan ƙura.

Kakarsa ta zauna a bakin katifa, ta ajiye ledar lemo.

"Miƙo hannun in duba maka."

"Ke da ba kya bambance gishiri da sukari sai kin lasa?"

"Ido ne ya tsufa, ba baiwa ba. Ni na duba hannun kakanka na ce zai auri kyakkyawa."

"Allah sarki. Ashe tun a kansa kika fara ƙarya."

"Ungo naka!"

Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba. "Ai kin riga kin duba. Ina shekara tara kika ce layin sana'ata gajere ne, a tsakiya zai yanke. To ga shi ya yanke."

Ta sunkuyar da kai. Tunda yake bai taɓa ganin bakinta ya mutu ba, sai ya ji da ma bai faɗa ba.

"Ranar da ka fasa min madubi? Kai, shashasha! Duk jikan da ya yi min ɓarna sai na duba masa tsiya. Yayarka na ce ba za ta yi gashi ba, yau mai kitso kuka take da ita."

"Nawa dai ya tabbata."

"Makaho ma in ya yi ta jifa, wata rana ya sami tsuntsu. Kawo nan."

Ta kama hannun ta shimfiɗa a cinyarta. "Wannan layin rowa ne, har wuyan hannu. Wannan na barci, na gado ne. Wannan kuwa," ta bi tabon da yatsa a hankali, "wanda na ce gajere ne. Likita ya ɗinka masa ƙari."

"Tabo ne, tsohuwa."

"Mai baiwa na magana kana sa baki? Riƙe min in gyara ɗankwali." Ta ɗora masa lemo ɗaya a tafin. "Lemon na ƙaninka direba ne. Wajensa zan koma, na gaji da miji mai zaman ɗaki."

"Mai tumbin nan? Kwana biyu zai sako ki."

"Tumbi ai alamar ciyarwa ce. Ba ni lemona."

"Abin da ya shiga hannun maigida ya zama nasa."

"A gidan wa?"

Ta ja lemon. Bai taho ba. Wani zafi ya harba masa har gwiwar hannu, ya duba: yatsu uku sun naɗe a jikin lemon suna rawa. Ƙananan biyun na tsaye ƙiƙam yadda suke.

Su duka suka zuba wa hannun ido. Ta sa gefen mayafi ta share fuska, wai ɗakin ne da ƙura.

"Ban faɗa ba? Layin rowa." Dariya ta ƙwace mata, ta saki lemon. "Sha abinka, ɓarawo, na bar maka. Saura yatsu biyu. Gobe da kankana zan zo."