Rasuwar Gwaggo, Rautar da Ke Kai Muryar Manaja

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, da idanun da na matsa iya matsawa suka ƙi ba da ko ɗigo, nake sanar da ma'aikatan wannan masana'anta ta bokitai, na sama da na ƙasa, rasuwar rautarmu, na'urar da ke raba saƙo a wayoyin masana'anta, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da ƙarfe goma da kwata na safe, a ɗakinta da ke ƙarƙashin bene, bayan shekara goma sha huɗu a bakin aiki. A duk shekarun nan ba a taɓa kashe ta ba. Ko wuta ta ɗauke, batirinta biyu na gefenta, ni nake duba su da hannuna.

Da yawanku ba ku taɓa ganinta ba. Baƙar akwati ce mai fitilu kore, ƙura a bayanta, keburori cike da gabanta. Amma duk wanda ya taɓa jin ƙararrawar canjin aiki, ko aka kira shi bakin ƙofa ta lasifika, ko ya sha jawabin manaja na kowace safiya yana hamma, to ya ci arzikin marigayiya.

Kafin zuwanta, in manaja zai yi magana, abu biyu ne. Ko dai a tura wa kowace lasifika kwafinta daban, hanya ta cushe, muryarsa ta riƙa fita a gutsuttsure. Ko a watsa wa kowa da kowa, har kwamfutocin ofis da ba su nema ba su daskare. Gwaggo ce ta kawo ladabi. Murya ɗaya take ɗauka, ba ta raba ta sai inda hanya ta rabu, wannan sito, wannan ɗakin injuna, wannan bakin ƙofa, kuma ba ta kai wa kowa sai wanda ya ce yana so. Masu boko na kiran wannan maltikas. Ni na tsara mata shi, kwana tara ina zaune a kan bokiti da littafi mai kauri wanda rabin Turancinsa ya fi ƙarfina. Ba wanda ya taya ni, ba kuma wanda ya ce sannu.

Babban halinta na kirki shi ne tambayar lafiyar jama'a. Duk minti biyu sai ta aika wa lasifikoki ta ji wa ke nan, wa ke saurare har yanzu, su kuma su amsa ɗaya bayan ɗaya. Da wannan amsar ce akwatunan da ke raba waya a kowane gini suke sanin inda za su kai murya. In aka yi minti huɗu da daƙiƙa ashirin lasifika ba ta ce uffan ba, sai su ɗauka ta tafi, su rufe mata hanya. Lasifika kuwa ba ta magana sai an tambaye ta, in ban da lokacin da aka kunna ta, da takan ce ga ni sau ɗaya ta ja baki. Ku riƙe wannan, don a nan maganar take.

Ba ta da surutu. Da ƙuruciyarta fankarta wuuu take yi, a hankali. Da girma ya zo sai ta koma ƙirrr-ƙat, ƙirrr-ƙat, in na ɗan bubbuga mata gefe ta yi shiru. Na fi sanin wannan ƙarar da tarin matata.

Marigayiya ta rasu ta bar lasifikoki sittin da huɗu, akwatunan raba waya tara, makirufo ɗaya wanda yawun manaja ya gama da shi, da batira biyu da yanzu ba su san wa suke wa gadi ba. Ta bar magajiya, wata farar rauta sabuwa fil mai ƙyalli, wadda har ranar Litinin ba ta iya gaisuwa ba. Ta bar ni. Ta kuma bar mijin ƙanwata, wanda ake kira Mai Takarda, duk da cewa shi bai daɗe a bayanta ba.

Dole in faɗi yadda ciwon ajali ya faro, don masu yaɗa magana a wurin shan shayi su huta.

Shekara shida da suka wuce ƙanwata ta zo gidana ta zauna a ƙofar ɗaki, ta ce mijinta ya gaji da zaman banza, in taimaka. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya ta, ban iya ce mata a'a ba. Na shigo da shi nan bai san kan kebul daga gindinsa ba. Na koya masa matse waya, na koya masa hawa tsani ba tare da ya yi ihu ba. Sai ga shi ya fara zuwa aji Asabar da Lahadi. Satifiket ɗaya, biyu, uku, duk ya sa musu gilashi ya rataye a bango, daidai saman teburina, wai can ne ƙusa take. Daga nan komai na yi sai ya ce a zamanance ba haka ake yi ba. Yana faɗa da ladabi, yana cewa Yaya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Farkon watan nan manaja ya kira mu ya ce sashenmu mutum biyu ne, kamfani kuwa ɗaya yake bukata, ƙarshen wata zai faɗi wanda zai zauna. Mai Takarda bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta shafi bakwai cewa Gwaggo ta tsufa, a sayo sabuwa, kuma duk tsarin da yake cikin kan mutum ɗaya kawai, ba a rubuce ba, haɗari ne ga kamfani. Bai ambaci sunana ba, amma kai nawa ne a ofishin? Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Shekarata hamsin da uku, 'ya'yana biyar, takardata ɗaya ce a duniya, ita ma ta haihuwa ce.

Aka sayo sabuwar. Aka sa ranar Litinin, ranar da masu kamfani za su zo zagaye, don manaja ya yi musu jawabi ta sabon tsari su ga ci gaba. Mai Takarda ya yi mako guda yana tsara ta, kuma in ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki mai tsafta. Ya buɗe maltikas a kowace kafa, ya nuna mata inda murya za ta taru kafin a raba, ya rubuta komai a takarda har da zane mai launi. Abu ɗaya ya bari. Ita sabuwar daga wani kamfani take daban, tambayar nan ta duk minti biyu a kashe take zuwa, sai an kunna. Gwaggo kuwa tun da na buɗe mata maltikas take yi da kanta, shi ya sa ba a rubuce take a ko'ina ba.

Ya yi gwaji, ba sau ɗaya ba. Amma gwajinsa iri ɗaya ne kullum: ya haɗa lasifikoki uku a kan tebur, ya kashe su ya kunna, su ce ga mu, ya ɗauki makirufo ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya ji muryarsa tangaram, ya yi murmushi ya naɗe waya. Duka minti ɗaya. Ina zaune ina kallonsa ina shan shayina. Ban taɓa ganin gwajin da ya kai minti biyar ba.

Safiyar Litinin, hannunsa a kan wayar wutar Gwaggo, ya juyo ya dube ni.

"Yaya, akwai abin da na manta?"

"Kai ne mai takarda," na ce.

Ku duba da kyau, ba ƙarya a ciki. Shi ne mai takarda.

Ya zare. Fankar ta yi ƙirrr, ta yi ƙat, ta tsaya. Ɗakin ya yi shirun da ban taɓa ji ba. Na san tsohuwar na'ura irin wannan, in ta huce, ba ta sake tashi. Wannan ma ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba.

Ƙarfe goma saura minti ɗaya ya kashe lasifikokin masana'anta duka ya kunna, wai don a tabbatar. Manaja ya shiga ofishinsa na gilashi da ke saman ɗakin injuna, ya murza makulli kada a dame shi, ya buɗe jawabinsa mai shafi goma sha ɗaya. Masu kamfani suna ƙasa cikin ma'aikata, hannu a baya, don su ji da kunnensu. Murya ta fito ras. Mai Takarda ya dube ni yana washe baki. Masu cewa an ga ina duba agogo a lokacin, eh, na duba. Agogona ne.

Manaja yana tsakiyar gode wa masu kamfani bisa hangen nesansu sai ɗif. Lasifika sittin da huɗu, ba ɗaya mai numfashi. Shi kuwa bai sani ba. Mutum ne da in yana karatu ba ya ɗaga kai. Ya ci gaba, yana kaɗa yatsa, yana dukan tebur, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar kifi a kwalba. Mutum ɗari uku sun ɗaga kai suna kallo. Wata mai goge bokiti ta fara dariya ta toshe baki da tsumma, daga nan abin ya bi layi.

Mai Takarda ya sha jinin jikinsa. Ya ruga ƙarƙashin bene, ya dudduba farar rautarsa, komai kore, komai daidai da zanensa. Da ido ya raina fata sai ya durƙusa gaban wadda ya kira tsohuwa, ya mayar mata da keburori, ya soka mata wuta. Ta yi ƙyas. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta da warin ƙonanniyar roba. Kalmarta ta ƙarshe ke nan, kuma a hannunsa ta cika. Ina so a rubuta wannan.

Sai da manaja ya kai shafi na tara ya ɗaga kai neman tafi, ya ga jama'a na riƙe ciki. Ya buɗe ƙofa ya sa aka kira masa Mai Takarda. Ni kuma na ga bai kamata masana'anta ta zauna ba ƙararrawa ba, ko don gobara. Na mayar da keburori jikin sabuwar, na zauna, na rubuta layi ɗaya. Kalma huɗu ne. Magajiya ta buɗe baki ta tambayi wa ke nan, lasifikoki suka amsa.

Ashe manaja bai kashe makirufo ba. Ta yaya zai tuna, tun da a saninsa ba ya aiki? Muryar ta dawo daidai lokacin da yake wanke mijin ƙanwata tas. Sito ya ji, bakin ƙofa ya ji, direbobin da ke lodi a waje sun ji. Ya zagi takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da wanda ya ba shi su, ya gangaro kan iyayensa. An kuma ji wata ƙaramar murya tana cewa a yi haƙuri, yana da iyali, matarsa ta kusa haihuwa. Tsarin ya yi aiki ƙwarai, ko gutsurewa babu. Ban zaɓi lokacin ba. Ko in ce ban zaɓe shi sosai ba.

Ba a jira ƙarshen wata ba. Kafin tashi aka ba Mai Takarda takarda ta huɗu, wannan ba ta bukatar gilashi.

Abin da ya ɗan dame ni, kaɗan dai, shi ne da ya zo kwashe kayansa ya riƙe hannuna ya gode mini da na ceci kamfani daga abin kunyar da ya jawo. Ya ce a gida ma ya faɗa wa ƙanwata Yaya ne ya gyara, da layi ɗaya, cikin minti ɗaya, ba tare da ya duba littafi ba. Shi yabo yake yi, bawan Allah. Ita kuwa ta fi shi kai tun tana ƙarama. Ta kira ni da yamma, ba gaisuwa, ta tambaye ni tun yaushe na san layin. Na ce mata wannan maganar aiki ce, ba za ta gane ba. Ta ce ta gane.

Za a fitar da gawar marigayiya ranar Alhamis ƙarfe tara na safe daga ƙarƙashin bene. Za a bi da ita ta ɗakin injuna, a tsaya minti ɗaya ƙarƙashin ofishin gilashi, a wuce bayan sito inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da kurarsa. Mai Takarda ne zai ɗauke ta, tun da dama ranar zai zo mayar da katin shiga da makullan kamfani, kuma ya fi kowa sanin nauyinta. Ba a bukatar jawabi daga manaja. Masu ta'aziyya su same ni a ofis daga ƙarfe goma, amma kujera ɗaya ce ta rage, kowa ya zo da shirin tsayuwa.

Ƙanwata ta aiko a ce ba za ta samu zuwa ba. Ta ce ita ma an yi mata rasuwa, yayanta ne, kuma ba ta karɓar gaisuwa.